Jirgin Yaƙin da Ya Koma Ofis: Kulob ɗin Jiragen Filafilai na Khartum da Gaɓar da Yake Zaune

A Titin Nilu na Khartum, babban birnin Sudan, gabas da fadar shugaban ƙasa, daf da gindin gadar Mak Nimir, akwai wani fili mai itatuwa da ke gangarawa har bakin ruwa. Filin na kulob ɗin masu tseren jiragen filafilai ne, wanda Turawan Ingila suka kafa a 1926 suka raɗa masa suna Blue Nile Sailing Club. A cikin filin, a kan busasshiyar ƙasa, wani jirgin yaƙi ne zaune, tsawonsa kusan mita 44, da igwa a goshinsa. Sunansa Melik. Shekara sittin da ’yan kai yana kan ruwa a matsayin ofishin kulob da ɗakin taronsa, kafin kogi ya ɗauke shi ya dire shi a tudu.

Kulob irin wannan ba abin mamaki ba ne a biranen da Ingila ta mulka. Legas tana da nata tun 1932. Abin da ya sa na Khartum ya cancanci a zauna a kansa shi ne yadda abu uku suka sarƙe a wuri guda: wasan nishaɗi na ’yan tsiraru, gaɓar kogi mafi tsada a ƙasar, da makamin da aka karkashe kakannin mutanen garin da shi. Duk wanda ya so taɓa ɗaya sai ya tarar da sauran biyun a hannunsa.

Gaɓar kafin kulob

Khartum tana zaune ne a inda koguna biyu suke haɗuwa. Farin Nilu yana tahowa daga kudu, daga yankin tafkin Biktoriya, a hankali, kusan da ƙarfi ɗaya rani da damina. Shuɗin Nilu kuwa daga tafkin Tana na ƙasar Habasha yake gangarowa, kuma halinsa daban ne. Da rani yakan ja baya har yashi ya fito a tsakiyarsa. Daga Yuli zuwa Satumba sai ya taso da ruwan duwatsun Habasha, jajir da laka, ya hau sama mitoci da yawa, har ya tare Farin Nilu ya hana shi wucewa yadda ya saba. Mahaɗar tasu ita ake kira Mugran, kuma a bakinta tsibirin Tuti yake, inda manoma suka zauna tun kafin a san za a yi birni a wurin.

Turkawan Masar ne suka kafa Khartum a farkon shekarun 1820, suka jera gine-ginen mulkinsu a gaɓar kudu ta Shuɗin Nilu. A fadar da ke wannan gaɓa aka kashe Janar Gordon, Baturen Ingila da ke riƙe da garin a madadin Masar, ranar 26 ga Janairu 1885, lokacin da mayaƙan Mahadi Muhammad Ahmad suka ci garin. Mahadi bai daɗe ba ya rasu a watan Yuni na shekarar. Magajinsa, Halifa Abdullahi, ya tsayar da hedikwatarsa a Omdurman, hayin Farin Nilu, aka kwashe mutane da tubali da katakon Khartum aka kai can. Shekara goma sha uku gaɓar tana kango.

Da Janar Kitchener na Ingila ya dawo da rundunar Ingila da Masar a 1898, sai ya sake zana garin daga tushe, kuma bakin kogi ya fara rabawa. Fada ta koma mazauninta. Kwalejin tunawa da Gordon, wadda yau ita ce Jami’ar Khartum, ta samu nata kason aka buɗe ta a 1902. Ma’aikatu, gidajen manyan jami’ai, babban otal, coci, da kulob ɗin da Bature kaɗai ke shiga, duk suka jeru suna kallon ruwa, aka dasa itatuwa masu inuwa a gabansu. ’Yan ƙasa aka tura su baya, can kudu inda ba iska ba inuwa. Wannan rabon shi ne asalin komai a labarin nan. Filin da kulob ɗin jirage ya samu daga baya yanki ne na layin masu mulki, ba mashayar jama’a ba ce aka ƙwace rana ɗaya, domin tun farko ba a bar wa jama’a mashaya a wannan layi ba.

Yadda Melik ya iso

Matsalar Kitchener ba ta sojoji ba ce, ta hanya ce. Tsakanin Masar da Khartum, Nilu yana ratsa duwatsu a wurare shida inda babban jirgi ba ya wucewa sai ruwa ya cika, wani wurin ma sai an ja shi da igiya. Maganin da ya samo shi ne layin dogo: daga Wadi Halfa aka ratsa hamada kai tsaye zuwa Abu Hamad, tafiyar kilomita kusan 370, aka gama a 1897, sannan aka ci gaba zuwa Atbara. Jirgin ƙasa ya ɗauko jirgin ruwa.

Kamfanin Thornycroft ne ya ƙera Melik a Chiswick, a bakin kogin Thames na Landan. Yana da ’yan’uwa biyu masu siffa ɗaya, Sultan da Sheikh, waɗanda kamfanin Yarrow ya ƙera. An yi su gunduwa-gunduwa, kowace da lambarta, aka ɗora a jirgin teku zuwa Masar, daga nan jirgin ƙasa da jirgin kogi suka yi ta miƙa wa juna, har aka sauke su a Abadiya kusa da Barbar aka harhaɗa a 1898. Gindinsu shimfiɗaɗɗe ne, abin da ke nitsewa cikin ruwa bai wuce ƙafa biyu ba, don kada yashi ya riƙe su. Maimakon babbar ƙafar baya irin ta tsofaffin jiragen Nilu, farfela biyu aka sa musu a cikin rami ƙarƙashin jiki. A sama kuwa hawa-hawa ne, da igwa masu saurin harbi, da bindigogin Maxim, da fitilar haska nesa. Wanda aka ba ragamar Melik shi ne Manjo W. S. Gordon, ɗan ɗan’uwan Janar Gordon da aka kashe. Ba sai an faɗa wa kowa abin da wannan zaɓi yake nufi ba.

Ranar 2 ga Satumba 1898 aka gwabza a Karari, arewa da Omdurman. Kitchener yana da mutum kusan 25,000, kashi biyu cikin uku Misirawa da Sudaniyawa, sun kafa zariba, wato shingen kariya, sun ba kogi baya, jiragen yaƙi goma suna gadin su ta ruwa. Halifa ya fito da Ansar, wato mabiyan Mahadi, kusan 50,000. A ɓangaren arewa, kan duwatsun Karari, mahaya dawakin Masar da rundunar raƙuma suka tsinci kansu gaban mayaƙan Usman Shaihuddin, ɗan Halifa. Raƙumi ba ya gudu a kan dutse. Suna ƙoƙarin komawa zariba, Ansar suna daf da yanke musu hanya, sai Melik ya matso gaɓa ya buɗe wuta daga kusa. Rundunar raƙuma ta tsira. Waɗanda ke bin ta suka zube.

Kafin rana ta take, Ansar sama da 10,000 sun kwanta. A ɓangaren Kitchener waɗanda suka mutu ba su kai 50 ba. Turawa suna kiran wannan yaƙi. Duk mai kallon alƙaluman zai nemi wata kalmar. Bayan kwana biyu, Melik ne ya tsallaka da Kitchener zuwa kangon fada, inda aka ɗaga tutocin Ingila da Masar aka yi addu’ar tunawa da Gordon, jirgin ya harba igwar gaisuwa. Wurin da ya tsaya a ranar ba shi da nisa da inda yake zaune yau.

Mai karatu Bahaushe ba baƙo ba ne a wannan labari. Kiran Mahadi ya kai ƙasarmu tun yana raye, Hayatu ɗan Sa’idu, jikan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya amsa shi. Irin bindigar da ke kan Melik ita aka girke a Sakkwato a watan Maris 1903, ita kuma ta bi Sarkin Musulmi Attahiru har Burmi a watan Yuli. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama’a gabas, suka yada zango a gaɓar wannan Shuɗin Nilu kusa da Sannar, garin da har yau sunansa Mai Wurno. Sun guje wa mulkin Nasara a yamma suka tarar da shi a gabas ya riga su zama. Ruwan da jikokinsu ke kamun kifi a ciki shi ne ke gangarowa ya wuce ta gaban kulob ɗin.

1926

Bayan yaƙi Melik ya ci gaba da aikin gwamnati a kogi, har ya tsufa aka sallame shi. ’Yan’uwansa biyu ba su kai labari ba, sun bi hanyar da tsohon ƙarfe ke bi. Shi kuwa a 1926 gwamnati ta ba sabon kulob hayarsa, aka ɗaure shi a gaɓa ya zama mazauninsu.

Shekarar tana da ma’ana. Shekara biyu kafin nan, a 1924, ƙungiyar masu kishin ƙasa ta Farar Tuta, ƙarƙashin Ali Abdul Latif, ta girgiza gwamnati, aka harbe Gwamna Janar Lee Stack a Alƙahira a watan Nuwamba, kuma a ƙarshen watan wasu sojojin Sudan suka yi tawaye a Khartum. Jagoransu Abdul Fadil Almaz ya ja daga a asibitin soja, a wannan unguwa ta bakin kogi, har aka rusa ginin a kansa da igwa. Aka kori sojojin Masar daga ƙasar. A 1925 aka gama madatsar Sannar, audugar Jazira ta fara kawo kuɗi. Zuwa 1926 Turawan sun ji ƙasa ta kwanta, aljihu ya yi nauyi, lokacin wasa ya yi. Kuma su mutanen wasa ne: jami’an mulkin Sudan ’yan kaɗan ne, ana tsamo su galibi daga jami’o’in Oxford da Cambridge, ana fifita wanda ya yi suna a tuƙin kwalekwale ko ƙwallo.

Me ya sa jirgi, ba gini ba? Amsar tana cikin halin kogin. Ɗakin da aka gina daf da ruwa a watan Afrilu zai sha ruwa a Agusta, wanda aka gina inda ambaliya ba ta kaiwa kuwa zai yi nisa da jirage rabin shekara. Ofis mai iyo yana hawa da kogi ya sauka da kogi. Ga hawan sama mai rumfa inda iska ke kaɗawa, ga ɗakuna a ƙasa na ajiye filafilai da igiyoyi, ga shi an same shi a ɓagas. Ina ganin lissafin amfani ne ya fi rinjaye, ba son tarihi ba, ko da yake ba wanda zai ce mambobin ba su ji daɗin shan iska a kan jirgin Kitchener ba. A ƙarshen shekarun 1930 ma an kwance shi na ɗan lokaci, wani kamfanin fim na Ingila ya yi amfani da shi wajen kwaikwayon yaƙin da shi kansa ya yi.

Jiragen tseren kulob ɗin su ma abin dubawa ne. A farkon shekarun 1930 aka nemi Morgan Giles, sanannen mai zana jirage a Ingila, ya zana musu samfuri guda da kowa zai yi amfani da shi, aka kira shi Khartoum One Design. Tsawonsa ƙafa 18, kuma da ƙarfe mai rufin tutiya aka yi jikinsa, ba katako ba. A garin da zafi ke haura digiri 40 watanni a jere, iska kuma busasshiya, katako yakan tsage ya buɗe baki da zarar an fito da shi daga ruwa, gara kuma tana jira. Ƙarfe yana da nauyi, amma duk maƙerin da ya iya walda zai gyara shi. Shi ya sa jiragen suka yi ta aiki shekaru da dama bayan masu su na farko sun koma gida. Hikimar samfuri guda kuma ita ce, mai kuɗi ba zai sayi nasara ba. Tunda jirgi ɗaya ne, hannu ne zai bambanta.

Tuƙi a wannan kogi ba kamar a tafki ba ne. A gaban Khartum, Shuɗin Nilu daga gabas yake tafiya yamma. Da hunturu, daga Nuwamba zuwa Maris, iskar arewa ke kaɗawa kusan kullum, tana ratsa kogin ta gefe, wanda shi ne abin da mai filafilai ya fi so: ya je ya dawo ba tare da ya yi ta karkace-karkace ba. Amma ƙarfin ruwa yana nan yana jan jirgi yamma. Mai hawa gabas sai ya rungumi gaɓa inda ruwa ya yi sanyi, mai saukowa ya nemi tsakiya. Yashin da ke ƙarƙashi kuma ba ya zama wuri ɗaya, kowace ambaliya tana sake masa shimfiɗa, don haka abin da ka sani bara ba lallai ya yi maka amfani bana ba. Da bazara ga habub, guguwar ƙurar da ke tasowa kamar bango ta kifar da duk abin da ya ɗaga filafilai. Da damina kuwa kogin ba na wasa ba ne, yana tafe da kututture da gawar dabbobi.

Bayan an sauke tuta

Sudan ta samu ’yanci ranar 1 ga Janairu 1956. Jami’an Ingila sun riga sun tattara tun shekara guda kafin nan. Kulob ɗin bai mutu ba, hannu ya sauya: likitoci, injiniyoyi, malaman jami’a da ’yan kasuwar Sudan suka gaje shi, tare da Girkawa da sauran baƙin da suka daɗe a garin, da ma’aikatan ofisoshin jakadanci. Ƙofar launin fata ta buɗe. Ta aljihu ba ta buɗe sosai ba.

A Satumba 1983 Shugaba Ja’afar Numairi ya ayyana dokokin shari’a, aka tuttular da giya cikin Nilu a bainar jama’a. Kulob-kulob da yawa na Khartum da mashaya ce ke riƙe da su suka shiga wani hali. Wannan yana da abin da ya fi mashaya, wato kogin kansa, sai ya zama wurin da iyali ke zuwa da yamma a sha shayi a kalli ruwa, a shiga jirgin inji a zaga Tuti. Daga baya ya yi wani sunan da waɗanda suka kafa shi ba su taɓa zato ba: matafiyan da ke ratsa Afirka daga Alƙahira zuwa Kef a Afirka ta Kudu da mota ko babur ko keke suka mayar da filinsa zango, suna kafa tanti a gindin jirgin suna jiran biza.

Shi kuwa Melik tsatsa tana cin gindinsa. Jirgin ƙarfe da ke zaune a ruwa yana buƙatar a fito da shi lokaci-lokaci a kankare a shafe, kulob kuma ba shi da kuɗin wannan. Zuwa shekarun 1980 ana ganin nitsewarsa saura ƙiris. Sai ga wata babbar ambaliya a ƙarshen shekarun ta tsinke shi daga maɗaurinsa, ta hau da shi gaɓa, da ruwa ya janye ta bar shi a kan yashi da laka. A wannan zamanin ne, Agusta 1988, ruwan sama da kogi suka haɗu suka raba fiye da mutum miliyan ɗaya da gidajensu a Khartum da kewaye. Kogin da ya rusa wa talakawa ɗakuna shi ya ceci jirgin Kitchener, abin da kwamiti bai iya ba. Gobarar Titi ke nan, sai dai a nan ruwa ne ya yi aikin.

Na wa ne?

Tun da jirgin ya hau tudu, tambayar ta sauya daga yadda za a hana shi nitsewa zuwa abin da za a yi da shi. A 1994 wasu ’yan Ingila suka kafa ƙungiya mai suna Melik Society don neman a adana shi, shi da Bordein, tsohon jirgin Gordon. Sun yi aiki da hukumar kayan tarihi ta Sudan da kuma kulob ɗin. Amma ɓangarorin uku ba abu ɗaya suke gani ba idan sun kalle shi. Ga na Ingila, gwanintar ƙira ce ta zamanin Sarauniya Biktoriya da ragowar wani labarin jarumtaka. Ga hukuma, kayan tarihi ne a ƙasar da ke da dalolin Marawi, kaburburan sarakunan dā, da haikalin Nubiya suna jiran kuɗin da babu. Ga kulob, ofis ne da sito, kuma hujjar zama: muddin jirgin yana nan, filin ba fili ne kawai ba.

Akwai ɓangare na huɗu da ba ya cikin kwamiti. Ansar ba su ƙare a Karari ba. Ɗan Mahadi, Sayyid Abdurrahman, ya farfaɗo da su, aka sake gina ƙubbar mahaifinsa a 1947 bayan Kitchener ya rusa ta, kuma jikan Abdurrahman, Sadiƙul Mahadi, ya yi firaminista sau biyu. A lokacin da ambaliya ta tura Melik tudu, shi ke kan mulki. Ga miliyoyin Sudaniyawa Karari ba shan kashi ba ce, ranar da kakanni suka tari harsashi da ƙirji ce, yara suna haddace ta a makaranta. Wane ne zai fito ya nemi kuɗin gwamnati don a yi wa jirgin da ya harbe su fenti? Wane ne kuma zai ce a yanka shi a sayar wa ’yan gwangwan, alhali ba shi da na biyu? Sai aka bar shi a tsakiya, ba a gyara ba, ba a rusa ba.

A ganina barin nan bai zama asara ba kamar yadda masu son gyara ke kuka. Da an kwashe shi an kai Ingila, da ya zama abin alfaharin masu shi, an goge jinin. Da an mayar da shi sabo fil ana yawo da ’yan yawon buɗe ido, da ya zama abin wasa. Zamansa a tudu, ’ya’yan waɗanda aka ci da yaƙi suna ajiye igiya da fenti a cikinsa, ya fi kowane allon bayani faɗin yadda mulkin ya ƙare. Abin da ya dace a ƙara bai wuce rufi mai hana ruwa, da magani ga tsatsa, da rubutu da Larabci wanda ya ambaci rundunar raƙuman da ya ceta ya kuma ambaci waɗanda ya kashe.

Matsin da ya fi tsatsa haɗari daga tudu ya zo. Da kuɗin man fetur suka shigo daga 1999, bakin kogi ya zama abin wawaso. Aka buɗe gadar Mak Nimir a 2007, ta tashi daga gefen kulob ɗin ta tsallaka Bahri, garin da ke hayin arewa na kogin. Sunan da aka ba ta na sarkin Shandi ne wanda ya ƙone Isma’il Pasha, ɗan Muhammad Ali na Masar, a 1822. Mai tsayayya da mamaya ta farko yana yi wa makamin mamaya ta biyu inuwa. Otal mai siffar ƙwai da Libiya ta gina ya buɗe a 2008, gadar Tuti ta biyo baya, aka zana unguwar dogayen benaye a Mugran, China ta gina sabuwar fadar shugaban ƙasa aka buɗe ta ranar 26 ga Janairu 2015, daidai shekara 130 da kashe Gordon. Kowane sabon gini da katangarsa da masu gadinsa. Jama’ar gari kuwa suka ƙwaci nasu rabon ta hanyar da suka iya: kafin yaƙin 2023, da magariba mata masu shayi da gahawa sukan jera kujerun roba a gefen Titin Nilu, dubban mutane su zauna har dare, hukuma ta kore su yau su dawo gobe.

A nan hukuncin kulob ɗin yake da wuya. Wuri ne mai shinge da kuɗin shiga, gadon wariya. Amma a layin da ma’aikatu da fada da otal suka toshe, yana cikin ’yan wuraren da mutum zai taka ƙasa har ya taɓa ruwa, yaro ya koyi riƙe igiyar filafilai. Da an tashe shi, ba mai shayi ce za ta gaji filin ba, bene ne.

Kogi ya sauya, gari ya ƙone

A Satumba 2020 Shuɗin Nilu ya haura mita 17 da rabi a ma’aunin Khartum, ya wuce na 1946 da na 1988, gwamnati ta ayyana dokar ta-ɓaci ta wata uku. Wataƙila irinta ba za ta yawaita ba nan gaba, domin a shekarar ce Habasha ta fara tara ruwa a babbar madatsarta da ke kusa da iyakar Sudan, mai ɗaukar kubik mita biliyan 74, wadda aka ƙaddamar a Satumba 2025. Madatsar tana riƙe ruwan damina ta sake shi a hankali duk shekara, tana kuma riƙe laka. Ga mai jirgin filafilai wannan na nufin ruwa mai zurfi da rani da ambaliya mai sauƙi. Ga manomin Tuti da mai yin jan bulo a gaɓa, waɗanda lakar ce jarinsu, labarin daban ne. Dalilin da ya sa aka zaɓi ofis mai iyo a 1926, wato kogi mai hawa da sauka, yana gushewa.

Sai ranar 15 ga Afrilu 2023, yaƙi ya ɓarke tsakanin sojojin Sudan da dakarun kai ɗaukin gaggawa na RSF. Dubi inda kulob ɗin yake: fada a yammacinsa, hedikwatar soja a kudu maso gabas, gada a gefensa, Bahri a hayi. Tsakiyar fagen daga ke nan. RSF ta riƙe fada da tsakiyar gari kusan shekara biyu, sojoji suna killace a hedikwatarsu, gadoji suka zama wuraren da maharba ke tsaro. Gadar Shambat ta karye a Nuwamba 2023. Mutanen Tuti suka sha ƙawanya har yawancinsu suka fice. Gidan kayan tarihi na ƙasa, wanda ke kan wannan Titin Nilu, aka wawashe shi. Tsere ya tsaya kamar yadda komai ya tsaya, mambobi suka watse tare da miliyoyin da suka bar birnin zuwa Port Sudan, Alƙahira da ƙasashen Larabawa.

Sojoji sun karɓe fada ranar 21 ga Maris 2025, suka kammala kama tsakiyar Khartum a ƙarshen watan. Abin da suka tarar gine-gine ne ƙonannu, an zare wayoyin lantarki har daga cikin bango. Jerin abin da ke jiran gyara ya fara ne da ruwan sha, wuta, asibitoci da gadoji, kuma kulob ɗin tseren jirage yana can ƙasan takarda. Amma za a sake raba bakin kogin, kamar yadda aka raba shi bayan 1898, kuma wannan karon masu neman fili za su zo da kuɗin sake gini a hannu, a lokacin da gwamnati ke neman kowane fam. Kulob ɗin zai shiga wannan ciniki da mambobi a warwatse da asusu wayam, abin da zai nuna kawai zaman kusan shekara ɗari a wurin, da jirgin da hukumar kayan tarihi ke da ta cewa a kansa.